Me Ya Sa Ƙanƙara Ke Narkewa, Ruwa Ke Tafasa? Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin nan su ne waɗanda ɗaliban kimiyyar sinadarai suka fi yi idan aka iso babin ruwa-ruwa da daskararrun abubuwa, musamman masu shirin zana WAEC, NECO ko JAMB. An surka da wasu irin waɗanda uwargida ko mai shayi kan yi wa kansa yana tsaye gaban wuta. Duk inda aka ce digiri, ma'aunin salshiyos ake nufi.

Me ke sa wani abu ya daskare, wani ya zama ruwa-ruwa, wani kuma iska?

Ja-in-ja ce tsakanin abu biyu. Komai da ƙananan ƙwayoyin zarra aka gina shi, kuma idan biyu ko fiye suka ɗaure da juna suka zama dunƙule guda, sunansa molekul. Molekul ba ya zama wuri ɗaya shiru, kullum cikin motsi yake, kuma iya zafin abu iya saurin wannan motsi. A ɗaya gefen kuma, kowane molekul yana jan maƙwabcinsa. Idan jan ya fi ƙarfin motsi, kowa sai ya tsaya a gurbinsa yana 'yar karkarwa, abu ya daskare ke nan. Idan suka yi kusan kunnen doki, molekul yana manne da 'yan'uwansa amma yana zamewa yana canza maƙwabta, shi ne ruwa-ruwa. Idan motsi ya yi galaba, kowa ya kama gabansa, an samu iska.

Wanda ya taɓa zuwa filin Idi ya ga duka ukun. Lokacin da aka tsaya a sahu, kafaɗa da kafaɗa, kowa da gurbinsa. Da aka sallame aka doshi ƙofa, har yanzu jiki na gogar jiki, amma wanda ke damarka yanzu ba shi ne zai kasance can gaba ba. Da aka fita titi, an watse. Abin lura shi ne ba wanda ya bar hannunsa ko ƙafarsa a filin. Tsarin taron ne ya canza, mutanen na nan yadda suke.

Idan ruwa ya tafasa, ba rabewa yake yi ya koma haidirojin da oksijin ba?

A'a, kuma nan ne ɗalibai da yawa ke zubar da maki. Haɗi iri biyu ne, kada a gwama su. Akwai na cikin molekul, wanda ya ɗaure ƙwayar oksijin ɗaya da haidirojin biyu suka zama H₂O. Akwai kuma jan da ke tsakanin wannan H₂O da na kusa da shi. Narkewa da tafasa na biyun kaɗai suke taɓawa. Ƙanƙara H₂O ce, ruwa H₂O ne, tururi ma H₂O ne.

Lissafi ma ya nuna. Mayar da giram 18 na tafasasshen ruwa tururi yana cin kilojul 41 ko kusa da haka (jul ma'aunin makamashi ne, kilojul kuma jul dubu). Amma a tsinke molekul ɗin da ke cikin wannan giram 18 ɗin, a raba kowace ƙwayar zarra da 'yar'uwarta, sai an kashe sama da kilojul 900, wato fiye da ninki 20. Wutar murhu ba ta kai can ba. Da ma ta kai, da ba a zauna lafiya a madafi ba, domin haidirojin da oksijin idan suka gauraya kusa da wuta fashewa suke yi.

Manyan kumfar da ke tasowa daga gindin tukunya tururin ruwa ne zalla a cikinsu. Su kuwa 'yan ƙananan da ke maƙalewa a jikin tukunya tun ruwan bai yi zafi sosai ba, iskar da ta narke a cikin ruwan ce zafi ya koro ta.

To daga ina wannan ja na tsakanin molekul yake zuwa?

Daga cajin lantarki: fositif yana jan negatif. Masana sun kasa shi gida uku.

Na farko rarrauna ne, kuma kowane molekul yana da shi. Elektaron, 'yan mitsitsin ƙwayoyi masu cajin negatif da ke kewaya molekul, ba su rarrabu daidai a kowane lokaci, sukan ɗan taru a gefe guda na ɗan ƙiftawar ido, gefen ya zama negatif, ɗaya gefen fositif. Wannan sai ya karkatar da elektaron na maƙwabci, su ja juna. Fritz London, Bajamushe, shi ya yi bayaninsa a 1930, shi ya sa ake ce masa ƙarfin London. Iya girman molekul da yawan elektaron ɗinsa, iya ƙarfin jan. Dubi 'yan gida ɗaya: kulorin iska ce da ke tafasa a digiri 34 ƙasa da sifili, buromin ruwa-ruwa ne sai a digiri 59 yake tafasa, aidin kuwa daskararre ne da ba ya narkewa sai a 114.

Na biyu na molekul ne masu karkataccen caji na dindindin, inda wata ƙwayar zarra ta fi 'yar'uwarta kwaɗayin elektaron ta janye su gefenta. Waɗannan biyun sukan shiga ƙarƙashin sunan Johannes van der Waals, ɗan ƙasar Holan da ya nuna a 1873 cewa molekul na iska ma suna jan juna, ya kuma karɓi kyautar Nobel a 1910.

Na uku, haɗin haidirojin, shi ne mai ƙarfin cikinsu. Yana samuwa ne idan haidirojin na ɗaure da oksijin, naitirojin ko fulorin. Don a ga tasirinsa, a kwatanta ruwa da H₂S, iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Siffarsu kusan ɗaya, H₂S ma ya fi nauyi, amma yana tafasa a digiri 60 ƙasa da sifili, ruwa kuwa sai 100. Ba don haɗin haidirojin ba, da ba kogi ba rijiya, duk ruwan duniya tururi ne.

Ƙarfin London da aka ce rarrauna ne, yana da wani amfani a zahiri?

Kalli tsaka tana tafiya a silin kai a ƙasa. Ba danƙo a ƙafarta. Tafin yatsunta cike yake da dubban ɗaruruwan gashi, kowanne ya rarrabu zuwa ɗaruruwan reshe sirara, waɗanda ke kusantar bango ƙwarai har jan van der Waals ya kama. Kowane ɗaya ba komai ba ne, amma da suka taru sun ɗauki nauyinta har da rara.

Me ya sa ruwan da ke tafasa ba ya ƙara zafi ko an ƙara wuta?

Saboda duk zafin da ke shiga yana tafiya ne wajen ɓamɓare molekul daga maƙwabtansu, ba wajen ƙara musu gudu ba. Joseph Black ne ya gano haka a Glasgow ta Sukotland wajen 1761, ya kira shi ɓoyayyen zafi, don ma'auni ba ya nuna shi. Giram ɗaya na ƙanƙara yana shan jul 334 kafin ya narke, kuma duk tsawon narkewar yana nan a sifili. Daga sifili zuwa 100 yana buƙatar jul 418. Amma kafin wannan giram ɗin ya zama tururi sai ya sha kusan jul 2,260, fiye da ninki biyar na abin da ya kai shi tafasa.

Abu biyu ke fitowa daga nan. Na ɗaya, idan wake ya riga ya tafaso, tura itace ko buɗe gas har ƙarshe ba ya sa ya nuna da wuri. Ruwan dai zai ƙone da sauri, makamashi ya tafi a banza. A rage wuta, a rufe tukunya. Na biyu, ƙunar tururi ta fi ta ruwan zafi muni, ko da dukansu suna digiri 100, domin tururin da ya sauka a fata yana komawa ruwa, yana sauke wannan jul 2,260 na kowane giram a wurin. Masu turara dambu da alala su buɗe murfi ta gefen da ba ya fuskantarsu.

Yaya randa ke sanyaya ruwa ba tare da wutar lantarki ba?

Jikin randa yana da 'yan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta nan ya jiƙa bayanta, sannan ya ƙafe. To waɗanne molekul ne ke tserewa? Masu gudun cikinsu, wato mafi zafi. Idan masu zafi suka yi ta ficewa, na baya sai su yi sanyi. Kowane giram da ya ƙafe ya tafi da sama da jul 2,000, kuma daga jikin randar da ruwan cikinta ya ɗebo shi. Shi ya sa randar da aka shafa wa fenti ko siminti ta tashi daga aiki, robar ruwa kuwa da ma ba ta cikin lissafi.

Sanyin ya danganta da bushewar iska. A hunturu da bazara, iska na da ƙishi, ƙafewa na sauri, ruwan randa har haƙori yake kamawa. Da damina iska ta riga ta ƙoshi da laima, sai aikin ya ragu. Zufa ma haka take: a Sakkwato ko Agadas tana bushewa nan take ta sanyaya jiki, a Legas kuwa sai ta yi ta dalala mutum na jin zafi.

A kan wannan hikima Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya: a sa ƙarama cikin babba, a cike tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, tumatir da alayyafo su daɗe ba su lalace ba. Aikin ya samo masa kyautar Rolex a 2000. Firji da na'urar sanyaya ɗaki ma ƙa'idar ɗaya ce, sai dai sinadarin da ke ƙafewa yana kulle cikin bututu, kwamfireso na matsa shi ya koma ruwa-ruwa a waje, ya dawo ciki ya sake ƙafewa.

Mene ne bambancin ƙafewa da tafasa? Kuma dole sai a digiri 100 ruwa ke tafasa?

Ƙafewa a saman ruwa kawai take faruwa, kuma a kowane zafi, shi ya sa shanya ke bushewa ko a inuwa. Tafasa kuwa a cikin ruwan gaba ɗaya ne, kuma ba ta yiwuwa sai tururin ya yi ƙarfin da zai buɗe kumfa ya ture iskar da ke danne ruwan daga sama. Saboda haka 100 ba doka ba ce, lamba ce ta bakin teku. Idan aka hau tudu, iskar da ke dannawa tana raguwa, kuma kusan kowace mita 300 tana zaftare digiri ɗaya. A Kano ruwa na tafasa wajen digiri 98, a Jos mai tsayin kusan mita 1,200 wajen 96, a ƙololuwar dutsen Everest kuwa wajen 70.

Tukunya mai kulle tururi tana juya lissafin. Tururi ba ya samun fita, matsi na ƙaruwa, ruwa ba ya tafasa sai wajen digiri 120, ganda da ƙafar saniya su yi laushi cikin ɗan lokaci. Denis Papin, Bafaranshe, ya ƙera irinta ta farko a 1679.

Zuba gishiri yana sa ruwa ya tafasa da wuri?

Ba ya sa wa. Hasali ma ɗaga ma'aunin tafasar yake yi, amma kaɗan: sai an zuba giram 58 a lita ɗaya kafin a samu ƙarin digiri ɗaya. Kumfar da ke tasowa idan an watsa gishiri a ruwan zafi ita ke ruɗin mutane. Inda gishiri ke aiki sosai shi ne wajen daskarewa. Ruwan teku sai wajen digiri 2 ƙasa da sifili yake daskarewa, kuma cakuɗa gishiri da ƙanƙara na iya sauka har 21 ƙasa da sifili.

Me ya sa ƙanƙara ke yawo a saman ruwa, kwalbar zoɓo kuma ta fashe a firiza?

Yawancin abubuwa idan suka daskare tsukewa suke yi su nutse. Ruwa ya fita daban. Molekul ɗinsa a lanƙwashe yake, siffar harafin V, kuma idan ya daskare kowanne yana riƙe maƙwabta huɗu da haɗin haidirojin a tsari mai kusurwa shida da ke barin fili a tsakiya. Sai ƙanƙara ta kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, ta fi ruwa rashin nauyi. Roba takan ɗan miƙe ta jure, kwalba ba ta iyawa. Masu sana'ar zoɓo da kunun aya su riƙa barin sarari a wuyan mazubi.

Ruwa ya fi tsukewa a digiri 4. A ƙasashen sanyi wannan ne ke sa tabki ya daskare daga sama, ƙasansa ya zauna ruwa, kifi ya rayu har bazararsu ta zo.

Manja da man shanu suna daskarewa da hunturu, man gyaɗa kuwa yana nan ruwa. Ba duk mai ba ne?

Duk mai ne, amma siffar molekul ta bambanta. Mai dogayen sarƙoƙin kabon ne. Wasu miƙaƙƙu ne, suna iya jeruwa su manne sosai, ƙarfin London ya kama su tun daga kai har wutsiya. Wasu suna da lanƙwasa a tsakiya, ba su jeruwa da kyau, jan sai ya yi rauni. Kusan rabin manja miƙaƙƙun ne, man shanu da man kaɗanya ma suna da su da yawa, man gyaɗa kuwa wajen kashi ɗaya cikin biyar kawai. Daskarewar manja a sanyi ba alamar algus ba ce, halinsa ne. Kuma da yake cakuɗa ne na molekul iri-iri, ba shi da ma'aunin narkewa guda, shi ya sa ake ganin sama ruwa, ƙasa guda-guda.

Ƙanƙara na narkewa a sifili, gishiri sai a 801. Me ya kawo wannan rata?

Abin da ke riƙe da su ba ɗaya ba ne. Ƙanƙara, kakin zuma da sukari molekul ne ɗaiɗai da rarraunan ja ke haɗawa. Gishiri ba shi da molekul ɗaiɗai, sodiyam mai cikakken cajin fositif ne da kulorin mai cikakken negatif, a jere ɗaya bayan ɗaya ta kowace fuska. Wanda ya duba ƙwayar gishiri da gilashin ƙara girma zai ga 'yan akwatuna masu kusurwa daidai, tsarin ciki ne ya bayyana a waje. A Bilma, arewa maso gabashin Nijar, ana tara ruwan gishiri a ramuka, rana ta kwashe ruwan, gishirin da ba ya iya tashi ya jeru ya daskare, a dunƙula shi kantu-kantu, ayarin raƙuma su ɗauko.

Akwai kuma waɗanda duk jikinsu haɗin cikin molekul ne, tamkar molekul guda ƙato: lu'ulu'u da ma'adinin yashi, wanda sai wajen digiri 1,700 yake narkewa. Ƙarafa nasu daban ne, elektaron ɗinsu na yawo a tsakanin ƙwayoyin, shi ya sa suke ɗaukar lantarki, maƙeri ya buga su baje ba su farfashe ba. Ma'auninsu ya bazu ƙwarai: kuza 232, alminiyam da ake zuba tukwane da shi 660, zinariya 1,064, baƙin ƙarfe 1,538, zaiba kuwa ruwa-ruwa ce har sai an kai 39 ƙasa da sifili.

Gilashi daskararre ne, amma ƙwayoyinsa ba su jeru ba. Maganar da ake yaɗawa cewa wai ruwa ne da ke kwarara a hankali, ba ta da tushe.

Me ya sa allura ke iya kwanciya a kan ruwa, lagwani ya jawo kananzir sama?

Molekul na tsakiyar ruwa ana jansa ta ko'ina, na sama kuwa ta gefe da ƙasa kawai, sai saman ya ɗaure. Shi ke riƙe allurar da aka ajiye a hankali, shi ke dunƙule ɗigon raɓa a kan ganye. A ɗiga ruwan sabulu, allurar ta nutse nan take. A lagwani kuwa, kananzir na manne wa zaren, ya jawo na bayansa ta cikin 'yan sirarun hanyoyi. Zuma tana da kauri ne saboda molekul na sukarin cikinta suna riƙe juna da haɗin haidirojin ta wurare da yawa, in an ɗumama ta sai ta saki.

Kafur yana ƙanƙancewa a cikin akwati ba tare da ya jiƙa kaya ba. Ina yake zuwa?

Daga daskararre yake wucewa iska kai tsaye, ƙamshin da ake ji shi ne kafur ɗin. Busasshiyar ƙanƙara, wato daskararren CO₂ (iskar da muke fitarwa da numfashi), haka take yi a digiri 78.5 ƙasa da sifili. Zafi da matsi ne tare ke yanke halin da abu zai kasance. Ruwa ma, a digiri 0.01 da matsin da bai kai kashi ɗaya cikin 100 na iskar da muke shaƙa ba, ƙanƙara da ruwa da tururi suna zama tare a lokaci guda. Idan kuma aka wuce digiri 374, duk matsin da za a yi ba zai mayar da tururi ruwa ba. Thomas Andrews ya nuna irin wannan iyaka a Belfast a 1869 da CO₂, wanda tasa iyakar ke digiri 31.

Idan na girgiza tukunyar gas ina jin motsin ruwa. An cuce ni ne?

Ba a cuce ka ba. Gas ɗin girki butan ne da furofan. Butan na tafasa dab da sifili, furofan a 42 ƙasa da sifili, amma idan aka matse su cikin tukunyar ƙarfe sai su koma ruwa-ruwa. Da ka buɗe, matsi ya ragu, ya tafasa ya fito, lita ɗaya ta ba da kusan lita 250 na iska. Tafasar tana ɗebe zafi daga jikin ƙarfen, shi ya sa tukunyar ke yin sanyi har ta yi raɓa idan an daɗe ana girki. Ba a cika ta maƙil, ana barin kusan kashi 20 cikin 100, domin ruwan na kumbura idan ya ji zafi. Kada a bar ta a rana, kada a kwantar da ita ana girki. Gas ɗin ya fi iska nauyi, idan ya zuba ƙasa yake kwanciya, haka ma tururin fetur. Saboda haka in an ji warinsa a buɗe ƙofa, ba taga kaɗai ba, kuma kada a taɓa makunnin lantarki.

Me ya sa ɗigon ruwa ke sa man suya ya yi tartsatsi?

Man da ake toya ƙosai yakan kai digiri 170 zuwa 190, ya wuce inda ruwa ke tafasa nesa. Ruwa ya fi mai nauyi kuma ba su gaurayuwa, domin molekul na ruwa sun fi son riƙe junansu. Ɗigon sai ya nutse ƙasan kasko, ya koma tururi nan take, ya kumbura kusan sau 1,700, ya yi sama da man da ke kansa. Idan ɗigo ɗaya ya yi haka, a ƙiyasta abin da kofi guda zai yi a kaskon da ya kama da wuta: mai ne mai ci zai watsu ko'ina har rufin ɗaki. A kashe murhu, a kife murfin ƙarfe ko faranti a kan kaskon, a bar shi a rufe har ya huce.